Shekarar da Na Ɗinke Gefen Hanya

Na so in tsallake wannan babi, domin akwai tabon da ko ya warke, in an taɓa shi sai ya yi zafi. Amma ranar sunan 'yar yayanku Habibu ina zaune a zaure, na ji ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, ya san kansa, yana ba baƙi labari a ƙofar gida cewa ai Baba ne ya hana Baffa Ilu kuɗin diyya, shi ya sa ya bar gari. Ni dai na ci gaba da cin gorona. Abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne, sai dai rabin yadi ne, ni kuwa a kan keke na tsufa, na san rabin yadi ba ya fitar da riga. To ga sauran yadin, ku haɗa da kanku. Yaya Ilu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansa, ba zai tashi ya kare kansa ba, saboda haka zan faɗi tasa kamar yadda zan faɗi tawa.

Abin ya faru ne a shekarun tsadar nan da suka biyo bayan fari. Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da tuwo a kwano, har kuna cewa miya ba ta yi ba, ba za ku gane ba. Ni tela ne ɗan tela, keken da nake takawa ma na mahaifinmu ne. Amma wa zai ɗinka sabo a shekarar da ake auna gero da gwangwani? Aikina ya koma faci, facin ma a kan faci. Mutum zai kawo riga in juya ta in sake juyawa, in rasa inda asalin yadin yake. Gidanmu ɗaya da Yaya Ilu, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, shi da iyalinsa a sashen gabas, ni da mahaifiyarku Hajara a na yamma, Inna, mahaifiyarmu, tana ɗakinta a tsakiya, ba abin da ke wuce ta. Abin da ya riƙe mu duka shi ne Gonar Kwari, wadda mahaifinmu ya bari ba a raba ba. Kun san ta, doguwa ce siririya, ta kwanta a gefen babbar hanya daidai inda hanyar ke gangarawa rafi kafin a kama Tsanyawa. A ƙasarmu kuwa babu dajin da mutum zai je ya sari sabuwar gona. Gona tana manne da gona, iyaka ba ta wuce layin gamba ba, wanda ya rasa tasa ya rasa ke nan, sai dai ya yi ƙwadago a ta wani. Ƙasar Gonar Kwari baƙa ce saboda takin da kakanku ya yi ta kai mata a mangala tun yana saurayi. Ko a shekarar farin, da gonakin tudu suka ƙone, ita sai da ta ba mu abin da muka ja rai da shi.

A ranin nan gwamnati ta ba wani kamfani aikin ɗaga hanyar a kwarin, don duk damina ruwa yakan shanye ta, motoci su yi cirko-cirko ta ko'ina. Za a cike kwarin da jar ƙasa har hanyar ta kai tsawon bene. Mai kula da aikin wani injiniya ne, Nasiru, mutumin wajen Ungogo, siriri, ba ya son hayaniya. Ranar da ya zo gaida mai unguwa, mu masu gonakin gefen hanya muka tare shi da tambayar da ta hana mu sakat: ina ƙasar nan za ta tsaya? Ya sa aka kawo masa gero a kwano, ya zuba a kan tabarma, geron ya baje. Ya ce haka ƙasa take, in ka tsiba ta sama sai ta miƙe ƙafa, gwargwadon tsawonta gwargwadon faɗin gindinta, in aka yi cikon yadda aka saba, gindinsa zai cinye kusan duk gonakinmu. Sannan ya tattara geron ya juye a 'yar jaka, ya tsayar da ita a gabanmu, ta tsaya. Ya ce shi so yake ya sa wa ƙasar buhu.

Abin da ya kira buhu wani baƙin yadi ne da aka kawo daga ƙasashen waje a manya-manyan bandir, saƙarsa kamar ta buhun takin zamani, amma ya fi kauri nesa ba kusa ba, ƙarti su taru su ja shi ba zai yage ba. Mu dai muka sa masa suna yadin hanya. Na shiga aikin a lebura, tunda keke ba ya kawo ko na cefane, da suka ga na iya yanka a miƙe sai suka mayar da ni wajen shimfiɗa. Ga yadda ake yi. A shimfiɗa yadin a ƙasa, a ja shi ya miƙe ba tattara ko ɗaya, a bar jelarsa mai tsawon gaba tana reto a waje ta kan katakon da aka kafa a baki. Tifa ta zuba jar ƙasa, a baje, a yayyafa ruwa, rola ta bi ta danne har ƙasar ta yi tauri kamar daɓe. Sannan a ɗago jelar nan a naɗe ta a kan ƙasar, a binne bakinta, a shimfiɗa sabon yadi a kai, a sake zuba wata ƙasar. Hawa kan hawa, haka ake ta yi. Ni da na gani na ce ai wannan kalmasa ce, irin wadda nake yi wa bakin riga, sai dai nan ƙasa ce a ciki. Gefen hanyar ya riƙa tashi a tsaye kusan kamar katanga, gindinsa bai wuce layin gambarmu ba. Na so aikin nan, ba zan ɓoye muku ba. Tun rasuwar mahaifinmu ban yi aikin da ya shiga raina kamarsa ba.

Mutanen gari kuwa abin ya ɗaure musu kai. Wata rana Inna ta dogaro sandarta ta zo kallo, ta daɗe tana duban yadda tifa ke juye ƙasa a kan sabon yadi fil.

"Sabo," ta ce da ni, "jikokina na kwana a kan tsumma, kai kana nan kana binne yadi da ransa. Wannan wane irin arziki ne?"

Na yi mata bayanin gero da jaka, ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa ganin an yi wa ƙasa sutura an bar mutum ba. Injiniya Nasiru ya ji, ya yi dariya, ya ɗauko guntun da ya rage a bakin bandir ya ba ta. Daga ranar duk guntayen da almakashi ya zubar, mutanen gari ke kwashewa, ba mai hana su. Ku riƙe wannan, don shi ne mafarin abin.

Ana saura hawa kaɗan a kai sama, kuɗin kamfanin ya tsaya. Aka kwashe tifofi da rola zuwa wani aikin, aka sallami leburori, aka ce sai an neme mu. Hawan da aka tsaya a kansa an zuba ƙasarsa an danne, amma ba a kai ga kalmashe jelar ba, aka bar ta tana reto tun daga bakin rafi har ƙarshen gonakin. Maigadi ya zauna ya ga ba albashi ba labarinsa, shi ma ya naɗe tabarmarsa. Ni kuma azumi ya kama, na tafi birni wajen wani abokina mai shago, ko na samu ɗinkin Sallah. Na dawo bayan Sallah da ɗan abin da Allah ya ba ni, tun daga cikin mota na hango gefen hanyar. Jelar nan babu ita. An bi ta da wuƙa da lauje an yanke tas, sai bakin yadin da ke leƙowa daga ƙasa kamar tsawon yatsa. Da na shiga gida, abin da na fara gani shi ne Inna ta shanya kuɓewa a kan wani yanki mai faɗi, ta zauna a gefe tana korar kaji.

Ina so ku fahimci wannan da kyau, don na ji wasu na cewa garinmu ya yi sata. Ba sata aka yi ba, kala aka yi. Tun kaka da kakanni, in mai gona ya kwashe amfaninsa ya juya baya, abin da ya zube na mai tsintuwa ne, ba mai tambayarsa, ba ya jin kunyar kowa. Masu hanya sun kwashe kayansu sun tafi, maigadinsu ya tafi, ga yadi yana reto rana na cinsa, ga shi da ma guntaye ake ba su. Kowa ya ɗauka rara ce. Da rana tsaka aka yi yankan, ana raha, wannan yana riƙe wa wancan. Wani ya rufe rumbu, wata ta yi shimfiɗa, wani ya yi wa akuyarsa inuwa. Yaya Ilu ya samu yanki mafi girma, ya lulluɓe rufin ɗakin matarsa da ya shekara yana yoyo.

Da kamfani ya dawo, Injiniya Nasiru ya sauko daga mota ya bi gefen daga wannan kai zuwa wancan, sannan ya zauna a ƙasa da fararen kayansa. Ya ce mini in babu jelar nan babu abin da zai riƙe bakin hawan, ruwan farko zai fara zaizayarsa, in ya samu ƙofa kuwa sai ya bi har ƙasa. Maganinsa a tone hawan a sa sabon yadi, amma bandir ɗin da suka rage daidai na sauran hawan ne, shigo da wani kuwa a irin wannan shekara sai wanda ya gani. Manyansa sun riga sun yanke shawara: a kira 'yan sanda, a bar maganar yadi, a turo ƙasa ta baje yadda aka saba, a biya masu gonaki diyya. Ya ce shi ma ba haka ya so ba, ya sha fama kafin a yarda masa da wannan tsarin tun farko. Ina tsaye ina jinsa, idona na kan Gonar Kwari, wadda aka riga aka watsa mata taki ana jiran ruwa. Ban san lokacin da na ce masa ya ba ni dama in dawo da yadin in ɗinke ba. Ya dube ni kamar wanda rana ta taɓa.

"Malam Sabo, ba riga ba ce fa. Ƙasa ce za ta riƙa tura ɗinkin nan har bayan ranmu."

"To ka gwada ni," na ce. "In ya ɓalle, ka turo ƙasarka."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ɗebi guntayen da Inna ta tara, na haɗa biyu da ɗinkin da na fi ji da shi, na kai masa ina taƙama. Ya sa aka rataye a jikin ƙarfe, aka riƙa ɗaura buhunan siminti a ƙasa ana ƙarawa. Ba a je ko'ina ba ɗinkin ya zare kamar an ja zariya, a gaban leburori. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba a sana'ata. Shi kuwa bai yi dariya ba. Ya durƙusa ya nuna mini cewa bakin yadin ne ke warwarewa, dole a haɗa bakin biyu a naɗe su tare sannan a bi layi biyu, kuma da zaren roba irin nasu, ba nawa na auduga da ƙasa za ta cinye ba. Ya ce kuma sai an tone bakin hawan kamar kamu guda, don a samu yadin kamawa. Na koma na yi yadda ya ce. Wannan karon yadin ne ya fara miƙewa, ɗinkin yana nan daram. Injiniya ya je ya yi ta ja-in-ja da manyansa, ya dawo ya ce sun ba mu zuwa faɗuwar ruwan shuka, sun kuma jingine maganar 'yan sanda. In ruwa ya riga mu, shi ke nan.

Ashe ɗinkin ne mai sauƙin, mai wuyar shi ne karɓo yadin. Wa zai fito da shi ya ce ga abin da na ɗauka, bayan an ambaci 'yan sanda? Nan da nan yadi ya ɓace daga kan rumbuna ya koma ƙarƙashin gado. Majalisar bakin masallaci ta samu abin yi, ana cewa Sabo da ke yi wa mutum alƙawarin riga jibi ya ba shi bayan wata, shi ne zai ɗinke hanyar gwamnati kafin damina. Sannan maganar diyya ta shiga gari ta raba kan masu gonakin. A taron ƙofar mai unguwa Yaya Ilu ne ya tashi ya yi magana da yawun masu son diyya, kuma wallahi maganarsa ba ta banza ba ce. Shanun huɗarsa sun tafi a farin, bakuna sun yi masa yawa, rumbunsa ya ƙare tun kafin azumi. Ya ce gona ba ta cika ciki sai kaka, 'ya'yansa kuwa yau suke jin yunwa. Ya ce Allah ya kawo musu mafita, ƙaninsa ya tare ƙofa da allura. Na ce kuɗi a wannan tsada ruwa ne a kwando, kafin shekara ta zagayo ya tsiyaye, gona kuwa in ta shiga ƙarƙashin hanya ba ta fitowa har tashin ƙiyama. Na tambaye su inda za su sayi wata, tunda kowa ya san daga nan har Tsanyawa babu mai sayar da ko kunya ɗaya. Duk da haka ba wanda ya tashi ya ɗauko yadi.

Liman ne ya samo mana bakin zaren. Tsoho ne mai magana a hankali, sai ka matsa kake jinsa. Ya ce kala halal ce, duk wanda ya yanka bai yi laifi ba, kuma ba wanda zai kira shi ɓarawo a garin nan. Amma kala ta zangarniya ce, ba ta dami ba. In mai gona ya manta dami guda ya dawo nema, wanda ya tsinta yakan mayar, a yi masa godiya. Wannan yadi dami ne, masu shi kuwa sun dawo. Mutane suka yi ta gyaɗa kai, aka watse. Washegari na zauna a ƙofar mai unguwa tun hantsi har azahar, ko ƙyalle ba a kawo ba. Kowa yana jiran wani ya fara.

Bayan la'asar sai ga Inna. Ta naɗe yankinta ta ɗora a ka, kuma ba ta biyo gajeriyar hanya ba. Ta bi ta bakin rijiya, ta bi ta ƙofar masallaci daidai lokacin da ake fitowa, ta ratsa 'yar kasuwa, tana dogara sanda tana gaisawa da kowa, duk wanda ya tambaye ta ina zuwa sai ta ce damin mutane za ta mayar. Ta sauke a gabana, ta ce yanzu sai in san inda zan samo mata tabarmar shanya. Wanda ya ga tsohuwa kamar Inna ta yi haka, wace kunya ta rage masa? Kafin magariba yadi ya taru tsibi guda, wani da warin akuya, wani da ɓurɓushin barkono. Daga baya na tambaye ta ko ke nan ta goyi bayana a kan Yaya. Ta ce in rufe mata baki, ita ba ta zaɓi ɗa ba, gonar mijinta ta zaɓa.

Na Yaya Ilu ne kaɗai bai zo ba. Na shiga sashensa na durƙusa na gaishe shi, yana gyaran ƙotar fartanya, bai ɗago ba.

"Yaya, saura naka."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," ya ce. "Ka hana ni kuɗi, yanzu kuma rufin ɗakin za ka yaye? Gonar nan ba taka ba ce kai kaɗai, Sabo. Wa ka tambaya?"

Na ce masa rufin ni zan yaɓe shi da hannuna, abin da ke rumbuna kuma mu raba har kaka. Ya ce bai kai ga cin sadakar ƙaninsa ba tukuna. Na ce to ya yi haƙuri, ɗinkin nan sai na yi shi, ko da nasa ko babu. Tunda nake ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar, kuma ban janye ba. Ya ɗago ya dube ni, ya ce to Allah ya ba da sa'a, irin faɗar da ta fi zagi ciwo. Hatsin da ya ƙi karɓa a hannuna, mahaifiyarku ce ta riƙa miƙa wa matarsa ta kan danga, shi da ni muka yi kamar ba mu gani ba.

Aka shiga aiki. An yi yankan ne yadda hannu ya kai, wani a karkace, wani kamar haƙoran zarto, sai da na shimfiɗa su a masussuka ina juyawa ina gwadawa har kowanne ya samu ɗan'uwansa. A gida nake haɗa guntayen su zama dogaye a kan keke, mahaifiyarku tana riƙe ɗaya bakin tana ja, don nauyinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Allurai suka yi ta karyewa. Keken mahaifinmu, wanda ya ɗinka rigunan angwayen garin nan kaf, ya yi ta kuka har wata safiya wani ƙarfe ya ɓalle a cikinsa, bai sake tashi ba. Na zauna na yi hawaye kamar an yi mini mutuwa. Mahaifiyarku ta bar ni na gama, sannan ta miƙo mini basilla, ta ce gabas ta fara haɗa hadari. Da basilla muka ƙarasa. A kan hawan kuwa da ma sai da hannu, tunda ɗaya bakin yana binne. Dukawan garinmu suka zo da nasu basillu, har da wasu daga cikin masu cewa alƙawarin tela ne. Muna durƙushe a kan jar ƙasa mai zafi kamar tanda, leburori na tonewa a gaba, muna ɗinkewa a baya, Injiniya Nasiru na bin kowane taƙi da yatsa, inda bai yi masa ba ya ce a farke. Na farke da yawa, ina ƙunƙuni a zuci, amma na farke. Yatsun nan nawa da kuke tsokana ba sa miƙewa, a can na baro su.

Gurbin Yaya Ilu ya rage a buɗe kamar giɓi, daidai saitin gonarmu. Injiniya ya duba ya sake dubawa, ya ciro mana daga bandir na ƙarshe, ta wajen da cikon bai yi tsawo ba, ya ce iyakar abin da zai iya ke nan. Muka kalmashe, rola ta hau, aka ɗora sauran hawan. Aka lulluɓe fuskar da baƙar ƙasa, don rana ce babbar maƙiyiyar yadin, aka dasa kirikiri da jema su kama ƙasar. Ruwan shuka ya same mu muna dasa na ƙarshe. A tsakiyar daminar aka yi ruwan da rafi ya cika ya tumbatsa, na fita a cikinsa na tsaya a gona ina kallon gefen hanyar, ruwa na gangarowa ta kan ciyawa. Ko cikin tafi ƙasa ba ta zubo ba. Mun shuka Gonar Kwari har gindin cikon a shekarar, haka ma maƙwabtanmu.

Yaya Ilu bai ci kakar tare da mu ba. Kafin noman farko ya ɗaure kayansa ya bi motar Kurmi neman ƙwadago. Ya sallami Inna, ni bai sallame ni ba. Ya cire yadin daga rufin ya tafi da shi, ni na hau na yaɓe rufin bayan tafiyarsa. Na riƙa noma rabonsa ina noma nawa, duk kaka in zuba nasa a rumbunsa iyalinsa su ci, ban taɓa haɗa ko zangarniya ba. Saƙo yakan zo wa matarsa jefi-jefi, ni ko gaisuwa babu. Inna ta kwanta ciwon ajali tana tambayar ko motar Kurmi ta iso. Mun aika, saƙon bai same shi da wuri ba. Ni na rufe mata ido, ni na fara shiga kabarinta, inda ya kamata a ce shi ne a gaba. Wannan abu ya ci mini rai, har yau kuma bai daina ba. In ana maganar diyyar Gonar Kwari, ku sani an biya ta, mu ne muka biya.

Sai da furfura ta fito mana mu duka sannan ya dawo, a rame, yana tari, ba abin da ya riƙo sai jaka ɗaya. Ya kwana biyu ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Wata safiya ina gona sai na gan shi tafe da jakarsa. Dawa ta kai gwiwa, motoci na wucewa can sama da kanmu, jema ta rufe gefen hanyar har ba mai cewa akwai yadi a ciki. A ɗaya gefen gonar 'ya'yansa, da ya bari ƙanana, sun zama ƙarti suna noma rabon ubansu. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya buɗe jakar ya fito da yadin, ya koɗe, ya yi laushi, gefensa ya zazzare. Ya ce a kansa ya kwana duk shekarun nan, a tasha, a gindin shago, a gonar koko, bai taɓa yagewa ba.

"Har gobe ina ganin da kuɗin nan ya zo, da Inna ta cika ina kusa da ita," ya ce.

"Na sani, Yaya."

"Da za a sake, za ka bari?"

"Ba zan bari ba."

Ya sake duban 'ya'yansa, ya miƙo mini yadin.

"To ga damin mutane. Ba ni fartanya."

Har ya koma ga Allah bai ce na yi daidai ba, ni ma ban ce ya yi kuskure ba, mun dai yi noma tare iyakar damunan da suka rage masa, kunyarsa kusa da tawa. Tuwon da kuka ci kuka girma, ku da 'ya'yan Baffanku, daga Gonar Kwari ya fito. In za ku ba da labarin ku ba da shi duka, ku sa Inna da kayanta a ka, ku sa rufin da ke yoyo. Allah ya haskaka kabarinsu, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Baƙin tsumman nan da ke lulluɓe da mataccen keke a ɗakina, wanda kuka sha cewa in jefar, shi ne yadin. In na bi su, ku bar shi a kan keken.